Lemun tsami da pil ɗin kanti

Shirin namu na yau daga Gesheme yake zuwa muku, a cikin Dallol Mawri, inda rediyo da tocila ba su rabuwa da pil.

Ku samo lemun tsami guda. Ku soka masa ƙusar rufin kwano a gefe ɗaya, guntun wayar jan ƙarfe a ɗaya gefen, kada su taɓa juna. In aka ɗora na'urar awo, za ta nuna kusan bolt 0.9. Pil ɗin da kuke saye ranar kasuwa, ko Tiger Head ne na ƙasar Sin, bolt 1.5 yake bayarwa. Ashe tazarar ba wani yawa gare ta ba! To me ya hana lemun kunna rediyo?

Ku dubi shaton ruwa na gari. Bolt shi ne tsayin shaton, amma ruwan da zai cika tulu ya danganta da faɗin bututu. Bututun lemun tsami bai fi ƙofar allura ba, wutarsa ɗigo take yi. Lemu uku ko huɗu a jere sukan haska jan ƙwan LED guda, sai an shiga ɗaka an rufe ƙofa kafin a gan shi sosai. Babban pil kuwa zai riƙe rediyo dare bayan dare.

Abin da nake so yaranmu na kwaleji su gane shi ne, wutar ba ta lemun ba ce. Zinkin da ke jikin ƙusar ne yake cinyewa, ruwan tsamin hanya ce kawai. Shi ya sa ruwan gishiri ma yake yi, ko gishirin Foga ne aka jiƙa. Haka Alessandro Volta ya yi a Italiya a shekarar 1800: faifan zinki, tsumma mai ruwan gishiri, faifan jan ƙarfe, ya yi ta ɗorawa. Sai a 1866 Bafaranshen nan Georges Leclanché ya haɗa zinki da sandar gawayi da baƙin garin manganis, wanda shi ne kakan pil ɗin kanti. Garin nan ne ke hana kumfar iska ta lulluɓe sandar ta toshe wuta, cutar da ke saurin kashe na lemu.

Da yawanmu mukan shanya mataccen pil a rana. Zafi yana ɗan farfaɗo da shi, amma zinkin da ya cinye ba ya dawowa.

Iyaye, don Allah ku ba yaro lemu da ƙusa ya gwada, in ya lalata lemu huɗu ba asara ba ce. Tsohon pil dai kada a bari ya fasa, kada kuma a yar da shi kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo. Malaman kimiyya na Tibiri da Dogon Dutsi, duk wanda ajinsa ya gwada, muna jiran ya aiko mana da adadin da awo ya nuna.