Idan Waraka Ta Gagara, Jinya Ba Ta Ƙare Ba

Akwai wani zance da ke yawo a harabar manyan asibitocinmu: wai da zarar likita ya tura majinyaci wurin masu jinyar sassauci, ko ya rubuta masa mofin, wato maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, to ya fid da rai da shi ke nan. Wasu ma har raɗawa suke yi cewa allurar ce ke ƙarasa mutum. Saboda wannan zance iyalai da dama kan naɗe tabarma su koma gida da marar lafiyarsu, ya yi ta nishi dare da rana har ajali ya sauka. Wannan fahimta kuskure ce, kuma wanda ke shan azabarta shi ne wanda ciwo ya hana shi ƙarfin yin gardama.

Jinyar sassauci kulawa ce ta musamman ga mai fama da cuta mai tsanani: ciwon daji, gazawar ƙoda ko zuciya, ƙanjamau, shanyewar ɓarin jiki, har da sikila. Aikinta rage wahala, ko cutar za ta warke ko ba za ta warke ba. Matar da ta kafa harsashinta a zamanin nan, Cicely Saunders, ta yi aikin nas kafin ta zama likita, kuma a 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan. Abin da ta lura da shi a bakin gadon majinyata shi ne ciwo ba a jiki kaɗai yake tsayawa ba. Akwai zogin ƙashi da sarƙewar numfashi da amai da rashin barci, akwai kuma fargaba, da tunanin wa zai riƙe yara, da bashin da jinya ta tara, da tambayoyin da ke tsakanin bawa da Mahaliccinsa. Shi ya sa ake yin aikin a ƙungiyance: likita, nas, mai harhaɗa magunguna, ma'aikacin jin daɗin jama'a da malamin addini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, amma kimanin kashi 14 cikin ɗari kaɗai ke samu.

Masu cewa wannan jinya sallamawa ce, ko hanyar gaggauta mutuwa, ya kamata su san abin da aka gano a babban asibitin Massachusetts da ke Amurka a 2010. An ɗauki mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya riga ya bazu, aka raba su gida biyu. Duka ana yi musu maganin daji, amma rukuni ɗaya aka haɗa masa da jinyar sassauci tun daga farko. Waɗannan sun fi samun natsuwa, ƙuncin zuciya ya ragu a cikinsu, sannan matsakaicin zamansu a raye ya kai wata 11.6, na ɗaya rukunin kuwa wata 8.9. Bincike ɗaya ba ya nufin kowa zai ƙara kwana, kuma ƙara kwana ba shi ne manufar ba. Amma ya isa ya rushe zargin cewa sassauci na rage rai. Ya kuma nuna cewa lokacin fara shi shi ne ranar da aka gano cutar, tare da sauran magani, ba ranar da mutum ya daina haɗiyar ruwa ba. Mai iya barci, mai iya cin abinci, shi ne mai iya jure ƙarin jini da wankin ƙoda da allurar daji.

Tsoron mofin ya fi wuyar kawarwa, domin yana da tushe. Mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Sai dai wutar da ke ƙone rumbu ita ce ke dafa tuwo. Bambancin kawai ko tana cikin murhu ana lura da ita, ko an sake ta a fili. Mofin da likita ke bayarwa ana fara shi da kaɗan, a sha bisa lokaci, a ƙara gwargwadon zafin ciwo, a haɗa da maganin taurin bayan gida da yake jawowa. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wannan tsari hawa-hawa, daga magani mai sauƙi irin farasitamol zuwa mai ƙarfi. Idan an bi shi, jarabtuwa ba ta cika faruwa ga mai ciwon daji ba, kuma ba ya kashe shi. Abin da ya sa ake zargin allurar shi ne yawanci ba a bayar da ita sai mutum na gargara, sai rasuwar da cuta ta riga ta kawo ta biyo baya, a ce allura ce. Haƙuri da jarrabawa abu ne mai daraja, amma ba wanda ya taɓa cewa shan maganin ciwon kai rashin tawakkali ne. Me zai sa a hana wanda daji ke ci wa ƙashi?

Wasu za su ce mu muna da zumunci, muna da dubiya, ba ma yar da tsofaffinmu, don haka wannan tsari na Turawa ne. Gaskiya ne muna da zumunci, kuma arziki ne da ƙasashe da yawa suka rasa. Amma ƙauna ba ta koya wa mutum yadda ake juya majinyaci kowace awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito masa, ko yadda ake wanke miki mai wari, ko abin yi idan numfashi ya sarƙe da tsakar dare. Kuma idan ɗaki ya watse bayan la'asar, yawanci mace ɗaya ake bari da nauyin, matar gida ko ɗiya, ta yi watanni ba barci, ba wanda ya tambaye ta yaya take. Jinyar sassauci ba ta ƙwace majinyaci daga hannun iyali. Mafi yawanta ma a gida ake yi. Tana koya wa mai jinya aiki, ta ba ta magani a hannu da wanda za ta kira, har bayan rasuwa ta ci gaba da tallafa wa waɗanda aka bari.

Akwai kuma al'adar ɓoye wa marar lafiya halin da yake ciki. Niyyar kirki ce, amma sau da yawa shi ya fi kowa sanin jikinsa, sai ya zama kowa na yi wa kowa kara, shi kuma ya rage shi kaɗai da fargabarsa. Masu wannan jinya ba su faɗa wa mutum ranar mutuwarsa, domin ba su san ta ba. Suna tambayarsa abin da yake son sani, su ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Mutumin da ke da bashi a kansa, da wasiyyar da bai yi ba, da wanda yake son neman gafararsa, yana da haƙƙin a ba shi dama tun yana cikin hayyacinsa. Iyali ma suna da haƙƙin sanin gaskiya kafin su sayar da gona ta ƙarshe a kan aikin da ba zai sauya komai ba.

Saura hujjar rashin kuɗi, wadda jami'ai suka fi so. Yuganda ba ta fi Najeriya arziki ba. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a can, aka riƙa jiƙa garin mofin mai araha ana zuba shi a kwalba. A 2004 ƙasar ta halatta wa nas-nas masu horo na musamman su rubuta shi, don ya isa ƙauyen da babu likita. A nan kuwa, rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa abin da Najeriya ke samarwa na irin wannan magani bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari na buƙatarta ba. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa tun 2007, Majalisar Lafiya ta Duniya ta buƙaci ƙasashe a 2014 su shigar da wannan jinya cikin tsarin lafiyarsu, Najeriya kuma ta fitar da manufarta ta ƙasa a 2021. Takarda ta samu. Abin da mai ciwo a ƙaramar hukuma ke jira shi ne nas mai horo da kwalbar magani a asibitin da ke kusa da shi, kuma wannan aikin gwamnatocin jihohi ne, da dokar da ke hana fataucin ƙwaya ba tare da ta hana majinyaci ba.

Kafin nan, iyali su daina karɓar "ba abin da za mu iya yi" a matsayin amsa ta ƙarshe. Su tambayi likita: da me za a rage masa zafi, yaya za a kula da shi a gida, wa za a nema idan abu ya tsananta? Waɗannan tambayoyi haƙƙin majinyaci ne, kuma amsa su wajibi ne a kan asibiti.