Saƙon da Tsoka Ke Aikawa Cikin Jini

Likitoci sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa ciwon sukari irin na manya yakan soma ne tun jiki yana da isasshen insulin, sai dai tsoka da hanta da kitse su daina amsa kiransa, har sukari ya taru a jini alhali kuwa gaɓoɓi suna bukatarsa. Tsoka ce ke da rabo mafi girma a wannan al'amari, domin ita ke karɓar wajen kashi 80 cikin ɗari na sukarin da insulin ya kwashe daga jini, saboda haka in ta bijire, illar takan game jiki duka.

A shekarar 2012 Bruce Spiegelman da almajiransa na cibiyar Dana-Farber a birnin Boston na Amurka suka bayyana a mujallar Nature cewa tsoka, idan aka motsa ta da aiki, takan saki wani sinadari cikin jini, wanda suka raɗa wa suna irisin. Da suka ƙara yawansa a jikin ɓeraye masu ƙiba, sai farin kitse, wanda aikinsa ajiya ce kurum, ya soma ɗaukar ɗabi'ar kitse mai ruwan ƙasa, mai ƙona abinci ya mai da shi ɗumi, sukarin jininsu kuma ya ƙara daidaita. Lalle wannan bushara ce mai girma, kuma akwai hikimar halitta a cikinta ga mai lura.

Da aka zo kan ɗan Adam sai saɓani ya kunno kai. A 2013 masu bincike a Koriya da Singafo suka iske irisin ya yi ƙaranci a jinin masu ciwon sukari, wasu kuwa a Boston suka same shi da yawa a jinin waɗanda jikinsu ke bijire wa insulin, suka fassara hakan da cewa ƙoƙarin jiki ne na cike giɓi. A 2015 waɗansu masana suka kawo hujjar cewa kayan awon irisin da ake sayarwa suna kama wasu sinadarai dabam. A cikin wannan shekara ta 2015 Spiegelman ya mayar da jawabi da awo mafi inganci, ya tabbatar da samuwar irisin a jinin mutum, ya kuma nuna ya ɗan fi yawa ga masu motsa jiki.

A ganina, wajibi ne majinyaci ya rarrabe zato da yaƙini, domin har yau babu maganin irisin da hukumomin lafiya suka amince da shi. Abin da ya tabbata shi ne tsoka mai aiki takan ja sukari daga jini ko ba da umarnin insulin ba, amfanin kuwa yakan gushe cikin 'yan kwanaki kaɗan. Shi ya sa likitoci ke umartar mai ciwon sukari da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kada kuma ya wuce kwana biyu a jere bai motsa ba.