Yadda rikicin biza da na jirage ke ƙara wa kaya tsada a kasuwar Gure

Da yawa daga cikinmu da ke kasa kaya a kasuwar Gure ba mu taɓa shiga jirgin sama ba, shi ya sa idan aka yi labarin hana biza a rediyo sai mu ɗauka maganar manyan alhazai ce. To amma shadda da leshi da turare da wayoyin salula da muke sarowa a Damagaram ko Kantin Kwari a Kano, kafin su iso hannunmu sai da wani ya nemi biza, ya yanki tikiti zuwa Dubai ko Sin. Duk abin da ya kashe a hanya, a kan kayan yake ɗora shi.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza. A ƙarshen shekarar kuma kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya, bayan ya yi kukan cewa dala miliyan 85 na kuɗin tikitinsa sun maƙale a ƙasar. Bai koma Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2024. A tsakanin nan dillalan Kano da dama da muke saye a hannunsu sai dai su ba da sautu ko su canza kasuwa, ga kuma faɗuwar naira.

Mu ma a nan gida abin bai bar mu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Air France ya daina sauka a Yamai a watan Agusta, Faransa ta tsayar da ba da biza, iyakarmu da Najeriya kuma ta zauna a rufe har watan Maris na 2024. Mutumin Gure da ya saba bi ta Damagaram ya hau jirgi a Kano, sai ya koma duban Yamai mai nisan fiye da kilomita 1,000.

Ita harkar jirgi tamkar tashar mota ce. Ranar da motoci suka yi yawa, kowane direba lallashin fasinja yake yi. Ranar da mota ɗaya ta rage, abin da ya faɗa shi ne kuɗin. Idan ƙasa ta tsaurara biza, fasinja ya ragu, kamfani ya ga kujeru babu kowa sai ya rage sawu ko ya janye, wanda ya saura kuma ya tsawwala farashi. Ƙasar Habasha ta gane wannan, domin a 2018 ta fara bai wa 'yan Afirka biza a filin jirgin Adis Ababa, wanda nan ne matattarar kamfaninta na Ethiopian Airlines.

Wani abin lura shi ne batun takardu. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO ranar 29 ga Janairu, 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon AES. A lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, a bar jama'a su yi zirga-zirga ba biza har sai an sake sanarwa. Don haka mai kai dabbobi Maigatari da mai zuwa saro kaya Kano, kowa ya riƙa kasa kunne.

Shawararmu ga 'yan'uwa, musamman mata masu haɗa kuɗin adashi su ba da sautu, ita ce kada a yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Kada a miƙa fasfo da jari ga 'yan cuwa-cuwa masu alkawarin biza cikin kwana biyu. A tambayi farashi a kamfani biyu ko uku, a Yamai da Kano, a haɗa da kuɗin mota da na masauki kafin a yanke shawara, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.