Masu riƙon rajista a likita: aikin da ba a gani

Uwargida, in kin kai yaro likita kika ga majo ya tsaya yana tambayar shekarunsa da sunan unguwarku, yana rubutawa, kar ki ce yana ɓata miki lokacin kasuwa. Wannan rubutu tafiya yake yi mai nisa.

Kowane wata CSI na haɗa lissafin rajista, ta aika gundumar kiwon lahiya. Cututtuka masu saurin yaɗuwa, irin sanƙarau, ƙyanda da kwalara, su ba a jiran wata, kowane mako ake faɗinsu. A gunduma akwai ma'aikaci mai aikin alƙaluma kaɗai. Ba ya allura, ba ya ba da magani, amma shi ke fara ganin annoba tana tasowa. A ƙa'idar hukumar lahiya ta duniya, in aka samu mutum 10 cikin 100.000 da sanƙarau a mako guda, annoba ta shigo. Wanda ya tuna 2015, da mutum sama da 8.000 suka kamu, sama da 500 suka rasu a Nijar, ya san tsadar jinkirin mako ɗaya.

Da can takardu ne ake ba direba ko mai babur ya kai. Yanzu ana zuba lissafin cikin kwamfuta, ta wani tsari mai suna DHIS2 da jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da shi, kuma ƙasashen Afirka da yawa na aiki da shi. Daga Damagaram ko Tawa, ma'aikatar lahiya a Yamai na iya ganinsa ba tare da jiran mota ba.

Amma kwamfuta ba ta cika kanta. A ganina nan ne shugabanni ke da bashi: wuta, intanet, horo, da isassun rajistoci. Majo da ya yini da marasa lahiya sannan ya zauna lissafi da fitila, dole ya yi kuskure. Kuma ku 'yan kasuwa kun san wanda ya ɓata lissafin haja, odarsa ma ɓaci take yi. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro ke yankewa tsakiyar damina, haka takardun neman kuɗin maganin kyauta na yara 'yan ƙasa da shekara 5, da aka soma a 2006, ke dawowa don gyara.

Naku rabon kaɗan ne: ku zo da karnen yaro, ku faɗi ainihin garin da kuke kwana, ba wanda kuka zo cin kasuwa ba.