Daga Ƙofar Fada Zuwa Memori: Yadda Mawaƙan Tasawa da Mayahi Ke Riƙe Masoyansu

Ranar kasuwa a Tasawa, in ka bi ta layin masu cajin waya, za ka tarar da samari sun yi cincirindo gaban teburi mai kwamfuta ɗaya da lasifika. Kowa na miƙa memorinsa yana faɗin abin da za a zuba masa: Hamisu Breaker, Umar M. Shareef, Nura M. Inuwa, wa'azi, fim. Can sai ka ji wani ya ce a sa masa waƙar yaron garinsu, wanda ya yi wa 'yan kabu-kabu waƙa. Ko dala mawaƙin ba zai gani ba daga kuɗin turin. Duk da haka a teburin nan ake yanke masa hukunci, ko za a neme shi a bukukuwan kaka, ko a manta da shi kafin a gama ɗaurin gero.

A da makaɗi ba ya wannan lissafi. Kiɗa gado ne, kuma kowane makaɗi ya san ubangidansa tun bai san duniya ba. Mai kakaki da algaita yana da fada, mai kalangu yana da mahauta da 'yan mata, mai gangar noma yana da gayya, mai goge yana da 'yan bori. Ma'azu Ɗan Alalo ya yi suna a inuwar fadar Damagaram, Narambaɗa a ta Isa. Ubangida ya ba da riga da doki da damman hatsi, makaɗi ya biya da suna mai daɗewa. A Nijar, zamanin Shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta zama wani sabon ubangida, da gasannin matasa da ke kai ɗan ƙauye har gidan rediyon Muryar Sahel. Kokowar takobi da aka fara a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, ita ma ta buɗe wa makaɗa fage.

Yawancin waɗannan ƙofofin sun ƙuntace. Sarauta ba ta da abin hannun da take da shi a da, gayya ta ragu tun da gonaki suka rarrabu tsakanin magada, wa'azi kuma ya kwashe 'yan mata da yawa daga dandali. Sai dai mutane ba su daina son waƙa ba, wurin saurare ne ya sauya. Ya koma aljihun saurayi, da ɗakin matar aure, da fadar shayi. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500, mafi yawansu matasa. Kunnuwa suna nan birjik. Abin da ya ɓace shi ne mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin mawaƙi shekara da shekaru.

Gurbin nan waya ta cike shi, amma ba yadda mutanen birni ke zato ba. A ƙauyukan Kanembakashe ko Urafan, inda sai an hau tudu ake samun layi, kuɗin data kuma ya fi ƙarfin mai sayar da itace, YouTube ba shi ne hanya ba. Hanyar ita ce memori da Bluetooth da Xender, sai WhatsApp a bayansu. Nijar ta riga ta ga ƙarfin wannan hanya. Mdou Moctar, ɗan Abzinawa daga jihar Tawa, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yi ta tsalle daga waya zuwa waya har Mali, kafin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya fitar da ɗaya a faifai a 2011. Yau yana wasa a Amurka da Turai. Babu kanti ko gidan rediyon da ya fara tallata shi.

Mawaƙan yankinmu da suka gane wannan sun daina faɗa da masu turi. Da kansu suke kai musu sabuwar waƙa kyauta, wani ma har ya ɗora goro, kuma a farko ko ƙarshen waƙar za ka ji an ambaci lambar waya. Waƙar ta zama talla, abincin yana wurin biki da suna da walimar buɗe shago, inda ake liƙi. A ganina wannan dabara ce mai kyau ga wanda ba shi da zaɓi. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA tana nan, amma ba ta da hannun da zai kai kowane teburin caji a kasuwar ƙauye. Shi kuwa YouTube sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba kuɗin talla da kai.

Abu na biyu bayan waya, wanda na fi ba nauyi, shi ne cirani. Da an gama girbi samarin Mayahi da Tasawa ke watsewa: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya, da ramukan zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. Ɗan cirani mutum ne mai kewa, kuma wani lokaci yana da 'yan kuɗi a hannu. Abin da Breaker ba zai iya ba shi ba, shi yaron garinsu ke ba shi: sunan unguwarsu, da na mahaifiyarsa, da karin harshen da ya tashi da shi. Sai ya aiko da saƙon murya a WhatsApp, ya faɗi sunansa da na abokansa da na wadda yake so, ya turo jaka biyar ko goma ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana. Bayan 'yan kwanaki waƙa ta iso masa, ya watsa ta a rukunin 'yan garinsu. Cikinsu wani ma zai so tasa. Haka ubangida ɗaya ya tarwatse ya zama ɗari, kowane da ɗan abin da zai iya.

Wannan ya zo da alheri wanda bai kamata a raina ba. Yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba yana iya shiga sana'ar da waya da ɗan situdiyo a Maraɗi ko Damagaram. Mawaƙi ba ya rataye a wuyan mutum ɗaya da zai iya korarsa don fushin safe. Mata da ke cikin gida, waɗanda ba su zuwa dandali, sun zama masu zaɓe, domin sau da yawa amarya da ƙawayenta ke cewa ga wanda za a kira.

Amma akwai asara, kuma tana damuna. Waƙar oda kan zama jerin sunaye bisa kiɗan fiyano iri ɗaya. Mamman Shata ma ya yi wa mutane waƙa, direbobi da 'yan kasuwa da sarakuna, sai dai yakan zauna da mutum har ya gano halinsa, ya sa shi cikin magana mai azanci. Shi ya sa tun rasuwarsa a 1999 ba a daina sauraronsa ba, har waɗanda ba su san mai waƙar ba. Waƙar da aka haɗa dare ɗaya daga saƙon murya, mai ita kaɗai ke maimaita ta. Mawaƙi yana iya samun abokan ciniki ɗari ba tare da masoyi goma ba, kuma bambancin yana fitowa ne ranar da kuɗi suka yanke. An gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, darajar naira kuma ta faɗi har abin da ɗan cirani ke turowa ya zama kaɗan in an canza shi zuwa sefa. Sana'ar da ta dogara ga aljihun 'yan cirani dole ta ji wannan girgiza. Wanda ake sauraro don daɗin waƙarsa shi ya fi jurewa.

Asara ta biyu ta faɗa kan 'yan amshi da makaɗa. Mai biki da zai ciyar da mutum bakwai ya gwammace ya ɗauko DJ ɗaya da janareto. Mai kalangu ya koma gona ko acaɓa, ɗansa bai koyi ɗaure fata ba. Gasar Ɗan Gurmu da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai an yi su ne don raya kiɗan ƙasa, amma Yamai ta yi wa makaɗin ƙauye irin Isawan nisa.

Sai batun harshe. Yara da yawa na maƙale murya su kwaikwayi Kananci, don suna ganin nan kasuwa take. Ina ganin kuskure ne ko ta fuskar ciniki. A fagen Kano suna gogayya da masu manyan situdiyo da finafinan Kannywood a bayansu, kuma ba za su ci ba. Abin da suka mallaka su kaɗai shi ne Hausar Gulbin Kaba, da kirarin garuruwanta, da labarin fari da cirani da tsadar sadaki kamar yadda ake yin sa a fadar shayi. Waɗanda na ga masoyansu sun daɗe tare da su suna da hali iri ɗaya: suna amsa saƙo, suna zuwa bikin talaka ko liƙin ba yawa, suna gaisuwar mutuwa, kuma cikin waƙoƙin oda goma sukan ware ɗaya da ba wanda ya biya, wadda aka yi wa gari gaba ɗaya. Ita ce za ka ji ana cewa a zuba a teburin mai caji, ita kuma gidajen rediyon al'umma ke sawa a filin gaishe-gaishe ba tare da an roƙe su ba.