Yadda Yaƙin Duniya Na Biyu Ya Iso Ƙasarmu

'Yan'uwa ɗalibai, idan aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga 1939 zuwa 1945, mukan ɗauka rigimar Turawa ce can nesa da mu. Ba haka ba ne. A lokacin Nijeriya tana hannun Ingila, saboda haka da Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, mu ma aka jefa mu ciki ba tare da an nemi shawararmu ba.

Abu na farko da aka ɗiba shi ne mutane. Ta hannun hakimai da dagatai aka tara samari aka sa su soja. A 1941 sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha. Daga 1943 kuma aka fara kai su Indiya, daga nan suka shiga dazukan Bama don karawa da Japanawa, cikin runduna ta 81 da ta 82. Da yawansu can aka binne su.

Na biyu, arzikin ƙasa. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun kuza. Sai gwamnati ta tilasta wa dubban manoma aikin haƙar kuza a Jos, inda sanyi da cuta suka hallaka mutane da dama. Aka kuma matsa wa manoman ƙasar Kano, har da namu na Rano da Kibiya, su ƙara noman gyaɗa, amma gwamnati ce ke yanke farashi. Gishiri da kananzir suka yi wuyar samu.

Na uku, filin jirgin saman Kano. A Takoradi ta ƙasar Gana ta yau ake harhaɗa jiragen yaƙi, su yada zango a Kano da Maiduguri, kafin su wuce Sudan har Masar.

Maƙwabtanmu na Nijar kuwa Faransa ke mulkinsu. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har Nuwamba 1942. Ka ga Bakatsine da ɗan'uwansa na Maraɗi, harshe ɗaya, jini ɗaya, an mai da su ɓangarori biyu.

Sojojin da suka dawo sun ga cewa Bature ma yana jin tsoro, yana mutuwa kamar kowa. Wannan ya ƙara wa masu neman mulkin kai ƙarfi, har aka samu a 1960.

Yawancin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya. Idan kun je hutu, ku tambayi iyayenku ko akwai wanda ya je Bama a zuriyarku, ku rubuta sunansa kada ya ɓace. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama. Amin.