Kumburin Maijego Ba Rashin Gasuwa Ba Ne

Duk gidan da ke da maijego, ko mai cikin da ya shiga watan haihuwa, a karanta wannan yau, a kuma karanta wa mahaifiyarta da uwar mijinta da ungozomar unguwa. Mace ta haihu lafiya, an yi suna an watse, sai bayan mako biyu ko wata biyu ta fara haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ƙafafu suka kumbura, tari ya hana ta barci. A ɗauka zuciyarta ce ke neman gazawa, har sai likita ya duba ya ce ba ita ba ce. A gidajenmu kuwa hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: ba ta gasu ba, sanyi ya shige ta. Sai a ƙara itace a murhun ruwan wanka, a ƙara kanwa a kunu, a tsawaita kwanakin jego. A daidai lokacin da zuciyar ke roƙon a sauke mata kaya ake ƙara jibga mata wani.

Zuciya tsoka ce, aikinta tura jini. Tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, tana tura kimanin lita 5 na jini kowane minti ɗaya ko da mutum na kwance. Ciki yana ƙara yawan jinin mace da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, saboda haka tun kafin naƙuda zuciyar mai ciki ta yi watanni tana aikin da ya wuce ƙa'ida. Mafi yawan mata zuciyarsu tana jurewa, ta koma daidai bayan haihuwa. Wasu kuma, tsakanin ƙarshen ciki zuwa wajen wata 5 bayan sauka, sai tsokar ta yi laushi, ɗakin hagu na zuciyar ya buɗe ya saki kamar robar siket da ta gaji. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin wannan ɗaki a kowane bugu. Idan abin da take fitarwa ya gaza kashi 45 cikin ɗari, kuma ba a ga wani dalili ba, likitoci suna cewa ciwon zuciya na jego ne. Wasu matan ana kawo su tana fitar da kashi 20 kawai.

Jinin da zuciya ta kasa turawa gaba komawa baya yake yi ya taru. Ruwa ya tsattsafo cikin huhu, shi ne hakin da tarin. Ya sauka ƙafafu da ciki, shi ne kumburin. Ƙoda kuma, da ta ga jini ya ragu mata, sai ta ɗauka jiki ne ke ƙishirwa, ta riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Ba sai da na'ura ake gane farkonsa ba. A dubi yadda take kwana. Wadda da take miƙewa a katifa, yanzu sai ta tara filo biyu ko uku, ko ta jingina da bango ta kwana a zaune, jariri na kan cinya. Tsakar dare ta farka a firgice tana neman iska, ta ce a buɗe taga. A sa babban yatsa a danna ƙaurinta, kan ƙashi, a ƙirga zuwa goma a ɗaga: idan wurin ya lotsa, ramin ya tsaya bai ciko nan take ba, ruwa ne. Awarwaro ya matse hannu, silifas ya daina shiga. A dubi wuyanta tana zaune, a ga jijiya ta taso tana harbawa. Ta ce gabanta na faɗuwa ba dalili, ko ta ci loma uku ta ce cikinta ya cika, da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wanda hanta ce ta kumbura. Shayarwa kanta sai ta tsaya ta huta. Mace ɗaya ba sai ta haɗa duka ba. Haki da kumburi kaɗai sun isa a nemi mota. Idan kuwa tana tarin kumfa mai ratsin jini, ko leɓe da tafin hannu sun canza launi, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi tana zufa, ko ta suma, to ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, har ma za a iya cewa nan ne cibiyarsa. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka rubuta yadda masu jego ke cika musu gadaje a Zariya da gazawar zuciya, kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100. A 2007 binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya samu 1 cikin 102. Daga 2017 kuma Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike mai suna PEACE a asibitoci 22 na Najeriya, aka tattara bayanan mata sama da 400 masu ciwon, mafi yawansu daga Arewa maso Yamma, aka kuma samu 1 cikin 96 a Kano. A Afirka ta Kudu ana maganar 1 cikin 1,000 ne, a Amurka kuwa bai ma kai haka ba. Cikin matan da binciken PEACE ya bi sawunsu, kusan 1 cikin 5 ta rasu a tsawon kamar shekara ɗaya da rabi, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuma ba su kai 1 cikin 4 ba. 'Yan ƙasa da shekara 20 suna cikin waɗanda mutuwar ta fi ɗauka. Amaren bara ke nan, masu haihuwar fari.

A nan dole a yi wa iyayenmu mata adalci. Shekaru da dama ana ɗora laifin duka a kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta, kamar yadda aka saba a yankin Zazzau. Sai dai binciken PEACE bai samu cewa waɗannan al'adu su ne tushen ciwon ba, domin lafiyayyun masu jego ma suna yin su. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da hawan jini na masu ciki, da rashin karatu da rashin sana'a, wato dai talauci. Likitoci a Yamai tun 1992, daga baya kuma a Kano, sun ga masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jininsu. Akwai kuma gado, da haihuwar tagwaye. Saboda haka ban zo in ce tsohuwar da ke tashi da asuba tana tafasa wa 'yarta ruwa da ganyen darbejiya ita ce ta sa mata ciwo ba. Ƙauna ce ta tashe ta.

Amma tushen ciwo daban, abin da ke ingiza mai ciwo daban. Kanwa gishiri ce ta wata fuska; sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin miya shi ne cike da ita, kuma shi ne ke riƙe ruwa a jiki. Matar da zuciyarta ta riga ta yi rauni, kowane kofin kunun kanwa ruwa ne ake ƙara wa huhunta. Tafasasshen ruwa kuma yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara gudu don ta cike su, ga wadda dama da ƙyar take bugawa. Don haka da zarar an ga haki ko kumburi, a sauke tukunyar, a ajiye kanwar, a rage gishiri da dunƙulen miya, a tafi asibiti. Babu wata arba'in da ta fi ran yarinyar.

Akwai abin da ya fi kanwa saurin kisa, shi ne ƙarin ruwa. Mun ɗauki ledar ruwa tamkar maganin kowace kasala. Maijego ta yi laushi, sai a kira wani mai kemis ko ma'aikacin lafiya na maƙwabta, ya zo ya rataya leda a ƙusar bango, ya zuba allurar bitamin ruwan ya koma ɗorawa, kowa hankalinsa ya kwanta ana ganin an yi wani abu. Leda ɗaya rabin lita ce, kai tsaye cikin jijiya. Huhun da dama ya jiƙe, leda biyu na iya cika shi, mace ta shaƙe a kan gadonta alhali ana ganin magani ake yi mata. Duk wanda ya zo zai ɗaura wa maijego mai haki ruwa bai saurari ƙirjinta ba, a riƙe hannunsa. Haka magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, da haɗin da ake ƙullawa a leda ana cewa na gajiya: suna sa ƙoda ta riƙe ruwa. Wata kuma a yi ta ba ta maganin asma ko na tari, mako uku ana abu ɗaya, kumburi na hawa daga idon sawu zuwa cinya.

Ba kowane hakin maijego ne wannan ciwon ba, gaskiya ne. Yana iya zama ƙarancin jini bayan zubar da ta yi wajen haihuwa, ko hawan jinin da ya biyo ta bayan sauka, ko gudan jini da ya toshe hanyar huhu, ko tsohon ciwon ƙofofin zuciya tun na ƙuruciya da ciki ya tono. A duba jerin nan da kyau: babu ɗaya a ciki da ruwan zafi ke warkarwa, kuma kowanne yana kisa. Rarrabe su aikin asibiti ne.

Idan an je, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka tarar ranar da ta haihu, da cewa ba ta iya kwanciya a miƙe. A hanya ma a bar ta a zaune, kada a tilasta mata kwanciya a bayan mota ko Keke Napep. Za a auna jini da bugun zuciya, a saurari huhu, a duba yawan jininta. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne hoton zuciya da ake kira eko, irin na'urar da ake duba jariri a ciki ce ake ɗorawa a ƙirji, ba allura ba yanka. Ƙananan asibitoci da yawa ba su da shi. Idan haka ne a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kada a karɓi ƙwayoyi kawai a koma gida.

Magani akwai, kuma yawancinsa ba mai tsadar gaske ba ne. Ana ba da mai sa fitsari, irin furosemide, ya kwashe ruwan. Cikin kwana biyu ko uku sai a ga kumburin ya sace, numfashi ya dawo. A nan ne kuma ake yin wani babban kuskuren. Kumburi ya tafi, sai a ce ta warke, a daina zuwa asibiti. Alhali mai sa fitsarin ruwa kawai ya kwashe, tsokar tana nan da rauninta. Masu gyara tsokar su ne waɗanda ba a jin aikinsu nan take, irin carvedilol ko bisoprolol, da enalapril, da spironolactone, kuma watanni ake yi ana sha, wata ma shekaru. Likita ne kaɗai zai ce a tsaya, bayan ya maimaita eko, galibi bayan wata 6. Wadda zuciyarta ta yi rauni sosai akan ƙara mata maganin tsinka jini, domin jinin da ke kwanciya a sakakkiyar zuciya yana dunƙulewa, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai a ga yarinya 'yar shekara 19 da shanyewar ɓarin jiki ana cewa iska ce ta buge ta. Akwai kuma bromocriptine da wasu likitoci ke amfani da shi, amma yana ƙafar da nono, don haka shawara ce da ake yankewa tare da likita, ana duba abin da jaririn zai sha. Na ambaci sunayen nan ne don a gane su a katin asibiti. Kada wanda ya je kemis ya saya da kansa, kada kuma a ba wata ragowar na wata: enalapril da danginsa suna illata ɗan tayi idan mai ciki ta sha.

Sauran magana ta maigida ce. Malam, kai ne mai ba da izinin fita, kai ne mai kuɗin mota, kuma sau da yawa matar tana gidan iyayenta wanka, kana zuwa da daddare ka gaisa ka ajiye leda ka tafi. Ka shiga ka dube ta. Ka tambaye ta yadda take kwana. Kunyar surukai kada ta hana ka cewa, "Inna, a yi haƙuri, gobe da safe zan kai ta a duba ta," ko ma yanzu-yanzu idan abin ya kai. Ke ma Inna, idan 'yar ta ce miki numfashinta ba ya kaiwa, kada ki ce raki ne na 'yan zamani.

Sannan batun ciki na gaba, wanda shi ne ba a son a taɓa. Macen da ta yi wannan ciwo, zuciyarta ba ta koma daidai ba, ta sake ɗaukar ciki, tana cikin haɗarin mutuwa na gaske, kuma magungunan da suka fi taimakonta dole a dakatar da wasunsu saboda cikin. Ko wadda eko ya nuna ta warke, ciwon na iya dawowa, don haka ita ma sai da shawarar likitan zuciya, kuma awonta a babban asibiti za ta yi shi tun daga watannin farko. Rurrutsa a nan ba abin tsokana ba ne a gidan suna. Kafin a sallame ta, miji da mata su zauna da likita a zaɓi hanyar tazarar haihuwa da ta dace da mai ciwon zuciya, domin ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin estrojin suna ƙara haɗarin dunƙulewar jini, ba a ba irinta. Na sakawa a dantse ko a mahaifa su aka fi zaɓa. A adana takardar eko ɗin a wuri mai kyau, a riƙa tafiya da ita duk asibitin da za a je, ko da shekara nawa ta wuce.